Yadda Ma'aikata Za Su Sa Mai Kamfani Ya Bi Dokar Kare Lafiya a Wurin Aiki

Tambayar da ke ta zuwa daga ma'aikatan masana'antu, musamman na Sharaɗa da Chalawa da Bompai a Kano da na Kakuri a Kaduna, kusan iri ɗaya ce: inji ba murfi, ƙura ta hana numfashi, an yi magana har an gaji, kullum manaja sai ya ce "za a duba". To daga nan ina aka nufa? Ga matakan a jere, don ma'aikaci da wakilin ƙungiya da foman da ke son yaransa su koma gida lafiya.

Ku riƙe wannan tun farko. Tarar da ke cikin Dokar Masana'antu ta Najeriya ba ta tsorata kowa. Ko rai aka rasa saboda sakacin kamfani, tarar ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, domin tun 1987 aka rubuta adadin. Abin da ke motsa mai kamfani shi ne a tsayar masa da inji, ko ya rasa takardar shaidar da yake neman kwangila da ita, ko a gurfanar da shi da hujja a rubuce. Duk ukun da takarda ake kai wa gare su, ba da hayaniya a bakin ƙofa ba.

1. Ku san dokar da ta shafi wurin aikinku

Dokoki uku za ku riƙa ambata. Dokar Masana'antu ita ce ta yi maganar injuna, gobara, iska, haske, banɗaki da kayan kariya. Ta shafi duk wurin da ake ƙera kaya ko gyara su ko sarrafa su don sayarwa, ko da ma'aikaci ɗaya ne a ciki. Kenan kamfanin casar shinkafa, majema, kamfanin roba, gidan burodi, wurin matsar man gyaɗa da kamfanin ruwan leda duk suna ciki, kuma wajibi ne a yi musu rajista da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Sai Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ke kula da ita. Sai Dokar Ƙwadago, wadda ta wajabta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata 3 da farawa.

Gargaɗi: in a ofis ko shago ko makaranta kake aiki, kada ka kafa hujja da Dokar Masana'antu. Za a ce maka wurin ba masana'anta ba ne, magana ta mutu a nan. Ka kama dokar diyya, ita kusan ba ta bar kowa a waje ba: ma'aikacin dindindin, na wucin gadi, ɗan koyo, wanda aka ɗauka da baki ba takarda, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Sojoji ne aka cire.

Tun yau kowa ya adana abin da zai nuna cewa shi ma'aikacin wurin ne: katin shaida, takardar albashi, saƙon banki na shigar kuɗi. Abu na farko da kamfani marar tsoron Allah ke yi bayan hatsari shi ne ya ce bai san mutumin ba, ko ya ce ai ɗan kwangila ne ya kawo shi.

2. Ku zagaya ku duba da idonku

Kayan aikin ba su da yawa: littafi mai bango mai ƙarfi, biro, da mutum biyu ko uku daga sashe daban-daban. A yi zagayen sau biyu, ɗaya da rana ɗaya da dare, don abin da ake yi wa 'yan dare ya sha bamban.

*Ƙofofi.* Da su za ku fara. Doka ta hana kulle ƙofa ta yadda ba za a iya buɗe ta nan take daga ciki ba, muddin akwai ma'aikata a wurin. Wasu kamfanoni na garƙame 'yan dare da kwaɗo wai don hana sata, mai gadi ya yi tafiyarsa da mabuɗi. Irin wannan ne ya ci rayukan ma'aikata masu yawa a gobarar wata masana'antar roba a Ikorodu a watan Satumba na 2002. Ku tura kowace ƙofar fita da hannunku. Ku duba ko waje take buɗewa, ko an jibge buhuna a gabanta, ko akwai fitilar da za ta nuna hanya in wuta ta ɗauke.

*Injuna.* Duk abin da ke juyawa ko yanka ko matsewa, wato bel, sarƙa, haƙoran giya, sandar da ke juya inji, wuƙaƙe, bakin injin markaɗe roba, dole ne a rufe shi da murfi mai ƙarfi. Yawanci inji da murfinsa yake zuwa. Makaniki ne ke cirewa ranar gyara ya jingine a bango, ya ƙi mayarwa don ya san gobe ma zai dawo. Ku duba bayan injin, sau da yawa murfin na nan ƙura ta rufe shi. A injin zuba roba, ku kula da ƙofarsa: an gina shi ne ya tsaya da zarar an buɗe, amma akan ɗaure makunnin da waya ko salatif don aiki ya yi sauri, kuma a nan ne yatsu ke tafiya. Ku nemi a gwada jan maɓallin tsayarwa na gaggawa a gabanku. Ku tambayi yadda ake cire abin da ya maƙale. In amsar ita ce ana zura hannu ko sanda inji na tafiya, ku rubuta. Abin da ya dace shi ne a kashe daga babban makunni, mai gyaran ya sa kwaɗonsa, ya jefa mabuɗin a aljihunsa, har ya gama. Cewa "kada kowa ya kunna" ba ta isa ba, domin wanda zai kunna bai ji ba, yana waje lokacin da aka faɗa.

Babbar riga, hannun riga mai faɗi da dogon hijabi kusa da sanda mai juyawa hatsari ne na gaske, kuma ɗaukar ba ta ba mutum lokacin ja da baya. Maganin farko murfi ne. Na biyu rigar aiki da ta kama jiki, da gajeren hijabi da ake cusawa cikinta.

*Lantarki.* Waya tsirara da aka cusa a soket ba fulogi, haɗin da aka naɗe da leda, akwatin canjin wuta a buɗe, fis da aka maye gurbinsa da wayar ƙarfe, ruwa kwance a ƙarƙashin inji. Janareta a rufaffen wuri kusa da inda mutane ke aiki ko kwana shi ma ku sa shi a lissafi, hayaƙinsa na kisa ba tare da an farga ba.

*Tukwanen kashe gobara.* Ku tabbatar allurar agogon tukunyar ta tsaya a kan kore, fil ɗin na nan, kwanan watan sabis bai wuce shekara ba. Mai ruwa ta katako da takarda da yadi ce, ba a kusantar wutar lantarki ko man fetur da ita. Mai hoda tana yi wa yawancin gobara. Mai baƙin bututu mai faɗin baki ta kayan lantarki ce, ita ba ta da allura, aunawa ake yi a san ko da sauranta. Sannan ku tambayi mutum biyar a sashen ko sun taɓa riƙe ta.

*Ƙura da sinadarai.* Doka ta ce a zuƙe ƙura da hayaƙi daga kusa da inda suke tashi. Fankar da ke kaɗa ƙurar cikin ɗaki ba ita ake nufi ba. Ku duba ƙarafan rufi, in ƙurar ɓuntu ko gari ta taru a kansu, ban da cutar huhu akwai hatsarin tashin wuta. Takunkumin yadi ko na asibiti ba ya tare ƙura mai laushi, sai irin N95. Shi kuma N95 ba ya tare tururin sinadari ko na fenti, wannan sai mai gwangwanin tacewa, kuma gwangwanin yana da lokacin canji. Kowane duro ya kasance da suna a jikinsa. In kun ga an zuba sinadari a robar ruwan sha, ku sa a zubar da shi inda ya dace a ranar.

*Ramuka da tankuna.* Masu aikin majema su tsaya a nan. Ramin da ruwan jima ke taruwa yana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasan ramin take kwanciya. Mugun halinta shi ne in ta yi yawa sai ta kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi. Wanda ya shiga zai faɗi cikin ɗan lokaci, na biyu ya shiga ceto ya faɗi, na uku ma haka. Ba a shiga sai an auna iskar da na'ura, an hura sabuwar iska, an ɗaura wa mai shiga igiya a jiki, an bar mutum a sama yana kallonsa. Takunkumin ƙura ba ya hana komai a nan.

*Ƙara.* In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye mita ɗaya da kai ya ji ka, to ƙarar ta kai kusan ma'aunin desibel 85 ko ta wuce, kuma awa 8 a cikinta kullum na cinye ji a hankali. Alamarsa kunne ya riƙa ƙugi bayan an tashi.

*Tukunyar tururi da kayan ɗaga nauyi.* A kamfanonin shinkafa masu turara, ku duba agogon matsi ko yana aiki, ku duba bawul ɗin da ke sakin tururi in ya yi yawa ko an ɗaure shi ko an danne shi da ƙarfe. Ku nemi ganin takardar binciken ƙarshe. Tankin kwamfireso ana sauke ruwan da ke taruwa a ƙasansa a kai a kai, in ba haka ba tsatsa na cinsa ta ciki. Lif da sarƙoƙi da igiyoyin ɗaga kaya kuwa duk wata 6 doka ta ce a bincika su.

Ragowar ba ta buƙatar dogon bayani: ruwan sha mai tsabta, wurin wanke hannu, banɗakin maza daban na mata daban, akwatin agajin gaggawa ɗaya ga kowane mutum 150. Ku buɗe akwatin ku gani, kada ku tsaya ga fentin jikinsa. A babbar ƙofar shiga ya kamata a ga taƙaitaccen bayanin dokar manne, tare da adireshin sufeton masana'antu na gwamnati da ya fi kusa.

3. Ku rubuta yadda ba za a iya musantawa ba

Kowace matsala shafinta daban: kwanan wata, lokaci, sashe, lambar inji, abin da aka gani, mutum nawa ke aiki a wurin, wanda aka gaya wa da abin da ya ce. "Injuna ba su da kyau" ba hujja ba ce. "Inji na 4 a sashen markaɗe, bel ɗin hagu ba murfi, mutum 3 ke aiki a gefensa kowane zubi" ita ce hujja. Ku rubuta har da waɗanda Allah ya kiyaye: bel ya tsinke ya wuce ta gefen kan mutum, wuta ta ja wani bai faɗi ba. Sufeto na ɗaukar waɗannan da muhimmanci.

Gargaɗi: kamfanoni da yawa sun hana shiga da waya ko ɗaukar hoto. In haka dokar wurinku take, kada ku ba su dalilin kora. Zane da biro da sa hannun shaidu biyu sun wadatar. Littafin kuma kada ya kwana a lokar kamfani. Kada ku ƙara gishiri ko kaɗan, domin ƙarya ɗaya in aka kama ta, ta zubar da gaskiya goma.

4. Ku ware abin da ba ya jiran gobe

Ku kasa abin da kuka tara kashi uku: mai iya kisa ko yanke gaɓa yau, mai cutarwa a hankali kamar ƙura da ƙara, sai na walwala. Kullen ƙofa, shiga rami, bawul da aka ɗaure, da kuma waya tsirara a cikin ruwa, duk 'yan kashin farko ne. Su ba a bin dogon layi. A gaya wa foman da manaja da baki nan take, a bi da takarda a ranar.

In an tura ka aikin da ka tabbata zai iya halaka ka, ka faɗa a gaban shaida, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ba aiki na ƙi ba, wannan ramin ne ba zan shiga ba sai an auna iskarsa. A ba ni wani aikin kafin nan." Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 1994, ta ce bai kamata a hukunta ma'aikacin da ya janye daga hatsarin da ke gab da afkuwa ba.

Gargaɗi: kada ka fita daga harabar kamfani, za a rubuta cewa ka gudu daga aiki. Kada kuma ku kashe injunan wasu sassa ko ku rufe ƙofa da sunan zanga-zanga. Yajin aiki yana da nasa ƙa'idojin, ta hannun ƙungiya ake bi.

5. Wasiƙa zuwa ga manaja

Shafi ɗaya ya isa. Tun da da Turanci ofisoshi ke aiki, a samu wanda zai rubuta da Turanci, a ajiye ta Hausa don kowa ya san abin da ya sa wa hannu. Ga yadda za ta kasance:

"Ranka ya daɗe, mu ma'aikatan sashen markaɗe muna sanar da kai waɗannan abubuwa da ke barazana ga lafiyarmu. Na ɗaya, inji na 4 ba shi da murfin bel. Na biyu, ana kulle ƙofar baya da kwaɗo daga ƙarfe 10 na dare. Muna roƙon a daina kulle ƙofar daga yau, a mayar da murfin cikin kwana 7, kamar yadda Dokar Masana'antu ta tanada. A shirye muke mu zauna da kai duk ranar da ka sa."

Ku yi kwafi biyu. Ku miƙa ɗaya, a buga muku hatimi da kwanan wata a ɗayar. In sakatare ya ƙi karɓa, ku aika ta kamfanin kai saƙo ku riƙe rasit. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ɗaya ya sa hannu shi kaɗai. Ku sa hannu da yawa, ko ta fito daga reshen ƙungiya. Kuskure na biyu shi ne cusa maganar ƙarin albashi da kuɗin obataim a cikinta. Da zarar kun yi haka, za a mayar da zancen gaba ɗaya rigimar kuɗi, a manta da ƙofar.

6. Zama da masu kamfani

Ku shiga da mafita a hannu, ba ƙorafi kaɗai ba. Yawancin gyaran farko ba su da tsada: mai walda na unguwa zai haɗa murfin bel da falange da raga a yini ɗaya, kwaɗo na kulle makunni kowa ya san kuɗinsa, cire kwaɗo daga ƙofa kuwa ba ya cin ko kwabo. In sata suke tsoro, a sa sakatar da ke buɗewa ta ciki kaɗai, a ajiye mai gadi a waje. Masu tsadar, kamar bututun zuƙe ƙura, a yanka musu wa'adi a rubuce.

Ku bi wannan jeri wajen neman gyara: a kawar da hatsarin in zai yiwu, in ba zai yiwu ba a killace shi, sannan a gyara tsarin aiki da horo, kayan kariya su zo a ƙarshe. Masu kamfani sun fi son farawa daga ƙarshen, don raba safar hannu ya fi arha. Alhali safar hannu kusa da abu mai juyawa ƙara hatsari take yi, ita injin ke fara kamawa.

Kuɗin hular kwano, takalmi, tabarau, abin toshe kunne da takunkumi duk a wuyan kamfani suke. Dokar Masana'antu ta hana a cire ko sisi daga albashi saboda abin da ta wajabta a samar. Ta kuma hana a ɗora sabon ma'aikaci a kan inji mai hatsari ba tare da an koya masa ko an haɗa shi da gwani ba.

Gargaɗi: kada ku karɓi gwangwanin madara ko alawus ɗin hatsari a madadin gyara. Madara ba ta wanke ƙura daga huhu, ko kwali nawa aka sha. Ku kuma ku sauke naku nauyin: doka ta wajabta wa ma'aikaci amfani da kayan da aka ba shi. In zafi ne ke sa a cire su, ku faɗa a nemo masu sauƙi.

Kafin a tashi a rubuta abin da aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe, kowane ɓangare ya sa hannu. Ku nemi a kafa ƙaramin kwamiti na ma'aikata da shugabanni da zai riƙa zagaye duk wata.

7. Kai ƙara ofishin ƙwadago

In wa'adi ya cika shiru, ko aka ƙi zama, sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku, galibi a sakatariyar tarayya yake. Ku rubuta wa Kwanturolan Ƙwadago na jiha, ku nuna cewa maganar ta sashen sufetocin masana'antu ce. Ku haɗa kwafin wasiƙarku mai hatimi, da kwafin shafukan littafi, da cikakken adireshin kamfani. Asalin takardun su zauna a hannunku.

Abu uku za ku roƙa a fili: a zo ba tare da sanarwa ba, a zo a lokacin da matsalar ke faruwa ko da dare ne, a kuma ɓoye sunan masu ƙara. Sufeto na da ikon shiga masana'anta dare ko rana, kuma Yarjejeniya ta 81 da Najeriya ta amince da ita tun 1960 ta ɗora masa nauyin rufa asirin wanda ya kawo ƙorafi.

Kai ƙara ba a biyan kuɗi. Abin da za ku kashe kuɗin mota ne da na kwafi. Sufetocin ba su da yawa idan aka kwatanta da yawan masana'antu, saboda haka takardar da ba a bibiya ba kwanciya take yi. Ku karɓi shaidar karɓa, ku san jami'in da aka miƙa wa, ku koma bayan mako guda. In aka ɗauki lokaci ba motsi, ku rubuta wa sashen kula da lafiyar ma'aikata a hedikwatar ma'aikatar a Abuja, ku ba reshen ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa (NLC) na jiha da Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a kwafi. Maganar gobara ku haɗa da hukumar kashe gobara ta jiha.

8. Ranar da sufeto ya zo

In kun wayi gari an raba sababbin huluna, an share ko'ina, an kashe injin da ake ƙorafi a kai wai yana jiran gyara, to labari ya riga sufeto isowa. Ku gaya masa haka. Ku nemi ya gana da ma'aikata ba a gaban manaja ba, ku kai shi wurin da kanku, ku roƙe shi ya duba babban littafin rajista na masana'antar ya ga ko an shigar da haɗurran da kuka lissafa.

Takarda iri biyu yake iya bayarwa. Ta sashe na 37 na Dokar Masana'antu umarnin gyara ce cikin wa'adi. Ta sashe na 38 ita ce ta hana amfani da inji ko sashe har sai an kawar da hatsarin, kuma ita ce masu kamfani ke tsoro, domin kowace awa da inji ya tsaya asara ce. A kan abubuwan kashin farko, ita za ku nema.

Ku tambayi wa'adin da aka ba su ku rubuta. Ranar da ya cika ku sake zagaye. In an mayar da murfi an sake cirewa bayan mako biyu, sabon shafi, sabuwar takarda.

9. Ku tabbatar an yi muku rajista da NSITF

Wannan a yi shi tun ana lafiya. Kamfani ne ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata. In jimillar naira miliyan 5 ce, naira 50,000 kenan a wata. Ba a cire shi daga albashin ma'aikaci, in kun ga an cire an saɓa doka. Ku nemi lambar rajistar kamfanin, ku je reshen hukumar mafi kusa ku tabbatar ana biya, kuma sunayenku na cikin jerin. 'Yan wucin gadi aka fi tsallakewa. Kamfanin da ke neman kwangilar gwamnatin tarayya sai ya nuna takardar shaidar hukumar, shi ya sa ƙorafi ta wannan ƙofar ke saurin jawo hankalinsa.

10. Idan hatsari ya faru

Ceto tukuna. A kashe wuta daga makunni kafin a taɓa wanda lantarki ya kama. Ƙuna a sa ta ƙarƙashin ruwa mai gudu na minti 20, ba ƙwai, ba man goge baki, ba baƙin mai. Sinadari a ido a wanke da ruwa aƙalla minti 15. In yatsa ya cire, a naɗe shi a tsumma mai tsabta, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar a kan ƙanƙara a tafi da shi asibiti. Kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye.

Daga nan lissafin kwanaki ya fara. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da kamfani cikin kwana 14, kuma a yi a rubuce. Kamfani ya sanar da NSITF cikin kwana 7, in mutuwa ce nan take. Duk hatsarin da ya yi kisa ko ya hana mutum aiki fiye da kwana 3, wajibi ne kamfani ya rubuta wa sufeto. Takardar neman diyya a shigar da ita cikin shekara 1. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Cutar da aiki ya jawo, raunin ji, da hatsari a hanyar zuwa aiki ko komawa gida duk suna ciki, in dai kamfani ya san adireshin gidan tun da farko.

A asibiti ku gaya wa likita cewa a wurin aiki abin ya faru, ya shiga fayil. Ku adana kati, rasit, hoton ƙashi da rahoton likita.

Gargaɗi: za a iya zuwa har gadon asibiti ko wurin zaman makoki da ambulan da takardar "mun yafe". Taimako a karɓa, amma kada a sa hannu a abin da ba a karanta ba. Dokar ta ce yarjejeniyar da ma'aikaci ya sarayar da haƙƙin diyyarsa ba ta da inganci, sai dai takardar na iya jawo jayayya mai tsawo. Yarda da ƙaddara ba ta hana a karɓar wa marayu haƙƙinsu.

11. Idan aka huce a kanku

Akan fara da sauya wa mutum sashe, sai takardar tuhuma, sai kora. Duk tuhumar da aka ba ka ka amsa a rubuce cikin lokacin da aka sa, ka ambaci kwanan watan ƙorafinku, ka riƙe kwafi. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki ko an matsa maka, domin ita ke raunana ƙararka. Dokar Ƙwadago ta hana korar mutum saboda shiga ƙungiya.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar kora da ta lafiyar wurin aiki da ta diyya, tana da rassa a Kano da Kaduna da wasu jihohin. Wanda bai gamsu da hukuncin NSITF ba zai fara neman hukumar ta sake dubawa cikin kwana 180, sannan kotu. Kafin ka zaɓi tsakanin karɓar diyyar hukumar da kai kamfani ƙara kan sakaci, ka ga lauya, don bin ɗaya na iya rufe maka ɗayar. Marar hali ya nemi lauyan ƙungiya ko ofishin hukumar ba da tallafin shari'a na jiharsa, ya tafi da littafin, da wasiƙa mai hatimi, da shaidar albashi, da sunayen shaidu biyu da suka yarda su tsaya.